Littafin da Jikata Take Gyarawa

Mu huɗu ne ranar a tsakar gidanmu na Birni: ni, da surukata tana tsintar shinkafa, da ƙanin marigayi maigidana da ya kawo mana gyaɗa daga Gaffati, sai jikata da ta gama iniversite. Saboda ita na tara su. Tun bayan babbar salla take shigewa ɗaki da ordinatarta, wato kwamfuta, tana danne-danne, tana murmushi ita kaɗai. Na riga na yanke shawara: in namiji ne ke mata magana ta cikin abin nan, ordinatar za ta bi tsohon nan mai gyaɗar zuwa ƙauye a ranar.

Na ce, "Ke, wa kike rubuta wa?"

"Kaka, littafi nake gyarawa."

"Na wa?"

"Na kowa. Masu ba na'ura umarni ne ke karanta shi."

Ta yi bayani, na kasa kunne. Wai in ka rubuta wa na'ura bakwai, zane kawai take gani, sai an ce ta mayar da shi lamba kafin ta yi lissafi da shi. Littafin ya ce in aka ba ta rubutun da ba lamba ba, sifili take bayarwa ta wuce. Jikata ta gwada, ta ga tsayawa take cak, ta ƙi aiki. Duk wanda ya bi littafin, aikinsa zai tsaya masa a hanya.

"Wa ya aike ki?"

"Ba kowa."

"Biyan ki ake?"

"A'a."

Tsohon ya yi dariya. "Yaya, ko gayya ai ana dama wa mutane fura."

Ni ban yi dariya ba. Yadda muka taso, ba a gyara wa malami rubutu sai an je zaurensa, an durƙusa, an kawo gyaran kamar tambaya. Littafi babu mai shi, aiki babu lada, wannan bai shige ni ba.

"To wa ke karɓar gyaran?"

Ta ce, "Wani mutum ne."

Uwarta, surukar tawa, ta ajiye faifai. Na sa ta ɗauko ordinatar, ta karanta saƙonsa na ƙarshe, ta juya mini da Hausa. Ban san baƙaƙen boko ba, amma na san fuskar yarinyar nan in tana ƙarya tun tana rarrafe, don haka ita na tsura wa ido.

Mutumin ko sallama bai yi ba. Ya ce ba zai karɓa ba sai ta kawo shaidar gwajinta, kuma ta rage yawan magana. Haushi na gani a fuskarta, ban ga kunya ba.

"Murmushin fa?"

"Kaka, in na'urar ta tsaya, ai ni ta gaskata."

Na ga masu neman aure iri-iri a rayuwata, ban taɓa ganin wanda ya ce wa mace ta rage magana ta kawo shaida ba. Na ce ordinatar ta zauna. Amma mutumin da ba ya gaisuwa, kuma yana cin gumin ƴar mutane kyauta, bai kwanta mini ba.

Washegari da safe na sa aka fito da teburinta ƙarƙashin rumfa, daf da tabarmata. Na ce ta zauna nan ta haɗa masa shaidar, kuma duk abin da ya amsa, a karanta mini.