Rumbun da Aka Ƙona a Littafi na Uku

Ni na kawo littattafan nan makarantarmu, kuma har yau ina alfahari da hakan. A lokacin ina koyar da Hausa a wata sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo, kusa da Ƙafin Maiyaki. Na je Kano biki, na tarar 'ya'yan yayata sun bar abinci yana hucewa saboda wani labari mai littafi uku. Na saya, na buɗe na ɗaya a mota. Ba don direba ya waiwayo ya ce, "Malama, ba Kwanar Dangora kika ce ba?" da sai dai in ga kaina a Zariya.

Labarin wani zamani ne mai zuwa, da masu mulki suka haramta wa kowa ajiye irin shuka. Hatsin ƙasar duka yana cikin wani ƙaton rumbu, sai mai biyayya ake aunawa. Wata yarinya 'yar shekara sha shida ta tara sa'o'inta suka yi tawaye. A ƙarshen na uku ta cinna wa rumbun wuta, azzalumai suka tsere.

Duk Alhamis bayan an tashi muke zama gindin darbejiya mu karanta. Kafin wata guda aji ya rabu. Wasu suka ce na ɗaya ne littafi, na biyu jan rai ne kawai. Wasu suka yi kuka da aka kashe ƙanen jarumar, har suka yi fushi da ni kamar ni na kashe shi. Wata 'yar ruga ta ce wanda ya rubuta bai taɓa ganin tatsa ba, don ya sa an tatsi saniya ba a sako ɗan maraƙi ba. Malamin lissafi ya ce shirme ne. Bayan kwana biyu na kama shi da na biyu a cikin rajistar aji.

Ana haka sai ga ƙorafi. Shugaban ƙungiyar iyaye, wani dattijo babban manomin dawa, ya samu shugabar makaranta ya ce tun da jikarsa ta fara karatun nan ta koyi musu, kuma littafin da ke koya wa yara bijire wa manya ba shi da wurin zama a makaranta. Aka sa taro ranar Asabar. Shugabar ta faɗa min a fili: in iyaye suka ƙi, za a kulle littattafan a kabad, zaman Alhamis kuma ya ƙare.

Raina ya ɓaci, kuma ni in raina ya ɓaci dabara ce ke fara guduna. Na zaɓi 'yan mata biyar, har da jikar dattijon, don ita ta karanta labarin sau uku. Na ce kowacce ta yabi littafin, kada in ji wadda ta kawo aibu ko ɗaya. Na rubuta musu abin da za su faɗa. Jikar ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Malama."

Ranar taro huɗu suka miƙe ɗaya bayan ɗaya, suka zubo yabo ba tuntuɓe. Ina ta murmushi. Dattijon ya gyara zama ya dube ni.

"Malama, wannan ai hadda ce. Abin da nake tsoro ke nan. An zuba musu, sun shanye."

Gaskiya kuwa ya faɗa. Sai jikarsa ta fito, ta durƙusa ta gaida iyaye, ta ninke takardar da na ba ta.

"Ni dai ina son na ɗaya da na biyu," in ji ta. "Na uku kam ban yarda da shi ba."

Na zare mata ido. Ko kallona ba ta yi ba.

"Ta ƙona rumbu da iri a ciki, ga damina ta kusa. Su azzalumai sun gudu da guzurinsu. Wa aka bari da yunwa? Baba Tsoho, kai ka ba ni labarin shekarar fari, kuna kwana ba ku ci ba, ga zangarniyar dawa rataye a madafa tana shan hayaƙi, ba wanda ya taɓa ta, don iri ce. Da ni ce, ƙofar zan fasa in raba wa mutane."

Dattijon ya miƙo wuya.

"Da irin a ciki ta ƙona?"

"Da shi, Baba."

"Kai! Wannan yarinya ba manya a gidansu?"

Aka fashe da dariya. Wani uba daga baya ya ce ai muddin rumbun na tsaye azzalumai za su dawo, wuta ce daidai. Wani ya ce masa da gani ba ka taɓa neman iri ka rasa ba. Iyayen da suka zo hana littafi suka dinga musu a kansa, alhali ba wanda ya karanta ko shafi ɗaya.

Da hayaniya ta lafa, dattijon ya ce wa shugabar, "Na ɗauka littafi ke jan ta da igiya kamar akuya. Ashe ita ke tuhumarsa. A bar musu abinsu." Sannan ya juyo kaina. "Ke kuma, Malama, ki daina ba su hadda."

Na ji kunya, ba zan ɓoye ba. Amma daɗin da na ji ya fi kunyar nesa. Ɗalibata ce ta saɓa min a gaban jama'a, kuma ban taɓa yin aikin koyarwa da ya kai wannan kyau ba.

Bayan haka littafi na ɗaya ya yi wata guda a hannunta. Da na tambaya, ta ce Baba Tsoho take karanta wa bayan la'asar, kuma kowane shafi sai ya tsayar da ita sun yi gardama.

Da kaka ta yi, yarinyar ta shigo ofis da zangarniyar dawa uku ɗaure da kaba, ta ajiye a kan teburina.

"Ya ce ki rataye a madafa, Malama. Ya ce in gaya miki ba ta tuwo ba ce."