Abdulhadi, da Gonarka Inji Zai Fara

Ranar Laraba, 12 ga Nuwamba, 2025, da hantsi, ina kwance a ƙarƙashin injin sussuka ina ɗaure bel, sai na ga ƙafafun Liman sun tsaya a kaina. Bai yi doguwar sallama ba. Ya ce, "Alhaji Badaru, fito. Abdulhadi na Inna Hure ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Daga Allah muka fito, kuma babu wanda za a bari a baya. Zazzaɓi ne ya kwantar da kai, Abdulhadi, aka kai ka asibiti a Kano, muna nan muna cewa jibi ko gata za a sallamo ka. Aka kuwa dawo mana da kai ƙauyenmu a ƙasar Tsanyawa, amma a kafaɗun mutane. Ko arba'in ba ka cika ba.

Ni ba marubuci ba ne. A aji uku na sakandare karatuna ya tsaya, kuma ban taɓa sunkuyar da kai a gaban kowa saboda haka ba. Da sifana da guduma na fara, ina bin ƙauyuka a keke ina gyaran injin niƙa, har Allah Ya kai ni ga mallakar injinan sussuka da tarakta. Babu wanda ya bar mini gado, babu wanda ya ɗora ni. Na faɗi wannan ne don mai karatu ya san cewa ni ba mutum ba ne mai saurin yabo. Idan na ce ka burge ni, Abdulhadi, to ka burge ni.

Lokacin da ka tattara kayanka daga Rijiyar Zaki a Kano ka dawo gida, ka kafa sola a kan rufin mahaifiyarka Inna Hure, ka zauna a zaure da kwamfuta a cinya, garin nan cewa ya yi an kore ka daga aiki. Sai daga baya muka gane cewa daga wannan zauren kake rubuta manhaja ga mutanen da ke wata ƙasa, waɗanda ba ku taɓa gaisawa hannu da hannu ba. Da la'asar kuwa sai ka rufe kwamfutar, ka ɗauki fartanya ka tafi gona. Gaskiya ita ce ba ka iya noma ba. Kunyarka a karkace take, duk wanda ya wuce sai ya yi maka tsiya. Na taɓa ce maka, "Malam na kwamfuta, wannan kunya ce ko hanyar maciji?" Ka yi dariya har da riƙe ciki, ka ce ai shi ya sa kake son gona: kuskuren da ka yi a gona kowa yana gani daga bakin hanya, na kwamfuta kuwa sai ya ɓuya ya jira ranar da ya fi cutarwa.

Abin da ya haɗa ni da kai rigimar layi ce. Kowace kaka idan an yanke dawa, kowa so yake injina ya fara da gonarsa. Mutane su cika mini ƙofar gida tun kafin in idar da sallar asuba, wannan ya ce shi ya riga faɗa, wancan ya rantse shi na yi wa alkawari a kasuwa. Akwai wa da ƙane da suka daina gaisawa a kan wannan. Ka zo ka ce za ka yi mini manhajar da manomi zai kira da ƙaramar wayarsa, ya faɗi sunansa da gonarsa, ta sa shi a layi, ta kuma kira shi idan ranarsa ta zo. Na dube ka na ce, "Ni waya ba za ta gaya mini inda zan kai injina ba." Ka ce, "Ba za ta gaya maka ba, Baba. Tuna maka kawai za ta riƙa yi." Wannan amsar ce ta sa na yarda.

A zaman da muka riƙa yi a zauren nan ne na fara jin labarin ƙirƙirarriyar basira, wadda yara ke kira AI. Ka nuna mini yadda kake gaya mata abin da kake so, ita kuma ta zubo rubutun manhaja kamar an buɗe famfo. Na tambaye ka, to kai meye aikinka, tunda ga mai yi? Ba ka ji haushi ba. Ka ce in ɗauke ta kamar baƙon ɗan ƙwadago da ya sauka a tasha yau: ga ƙarfi, ga sauri, ba ya gajiya, ba ya neman fura. Amma bai san iyakar gonarka ba. Idan ka juya baya, sai ya nome har da waken maƙwabcinka, ya zo yana murna yana jiran ka yaba masa. Ka ce aikinka shi ne ka san iyaka, ka kuma bi kowace kunya da ya yi da idonka.

Ba ka cikin masu zaginta, ba ka kuma cikin masu yi mata kirari. Kullum kana aiki da ita, kana cewa ita ce ta ba ka sararin zuwa gona da kai Inna asibiti. Amma akwai maganarka ɗaya da ba ka gajiya da maimaitawa ga samarin da ke zuwa koyo wurinka: kada mutum ya saki abin da bai karanta ba, kada kuma ya saki abin da ba zai iya yi wa mahaifiyarsa bayaninsa ba. Kana cewa na'ura ba ta jin kunya, saboda haka dole wanda ya sa hannu ya ji a madadinta. Ranar da manhaja ta cuci wani, ba ita za a kira gaban mai unguwa ba. Duk abin da ka gama kuwa, a tsohuwar wayar Inna Hure mai madannai kake gwada shi. Idan ta yamutsa fuska, sai ka koma ka sake. Da ka ji muryar da na'urar ke magana da ita, ka ce Hausarta kamar ta mai mura ce, tsofaffi za su kashe waya. Sai ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa, ka naɗi duk maganganun da muryarka.

A kakar farko ne abin da nake son ba da labari ya faru. Malam Mati ya rasu ana tsakiyar yankan dawa, matarsa Kulu ta shiga takaba. Layi yana ta tafiya lafiya, wanda ya riga kira shi ke gaba, kowa yana yabo. Sai wata rana Inna Hure tana miƙa maka tuwo ta ce, "Wai yaushe inji zai je gonar Kulu ne? Dawarta na zube, ga shanu sun kusa shigowa." Ka duba, babu Kulu a layi ko kaɗan. Ina mai takaba za ta ɗauki waya ta nemi inji? A garin nan tun kakanninmu, tun ana sussuka da turmi da taɓarya, gidan da aka yi rasuwa ba ya roƙo. Da shi ake farawa, kuma ba a jira ya tambaya.

Ka same ni a gareji a ranar, ko zama ba ka yi ba. Ba ka ɗora wa na'ura laifi ba. Ka ce abin da ka tambaye ta shi ta yi maka, daidai ba ragi. Kai ne ba ka gaya mata yadda garin yake ba. Ka bi gidajen dattawa ɗaya bayan ɗaya kana tambayar yadda ake yi a da. Sannan ka gyara: idan an yi jana'iza, Liman zai sanar ta wayarsa, ita kuma manhaja ta kira ni ta tambaye ni. Na ce maka me ya sa ba za ka sa ta tura su gaba kai tsaye ba, a huta? Ka ce, "A'a, Baba. Injin naka ne, ladan ma naka ne. Ba na son na'ura ta tilasta maka alheri, don ranar da aka tilasta maka ya daina zama alheri. Ta tambaye ka, kai ka amsa." Washegari injina ya kwana a gonar Kulu.

Tun daga nan haka ake yi. Duk wanda aka rasa a cikin kaka, waya ta yi ƙara, in danna ɗaya, inji ya tafi. Ban taɓa tsayawa tunani ba.

Ranar da aka yi maka addu'ar uku, bayan an watse, ina zaune a kan tabarma a ƙofar gidanku sai wayata ta yi ƙara. Liman ya yi aikinsa kamar yadda ka koya masa. Na kara a kunne, sai ga muryarka, da wannan ɗan tarin da kake yi kafin ka fara magana: "Salamu alaikum, Baba. Akwai gidan makoki a layi. A fara da su? In ka yarda danna ɗaya, in ba hali danna biyu." Na amsa maka sallamar da ƙarfi. Waɗanda ke kusa suka juyo suna dubana.

Ga inda maganar ta tsaya. Ranar Asabar mai zuwa ta Alhaji Hashimu ce. Shi ne babban manomin yankin nan, kuma shi ne babban mai ba ni aiki tun ina da inji ɗaya. Ya riga kowa kira, masu sayen dawarsa za su zo da mota daga Dawanau, sauran injinana kuwa suna can ƙauyukan Bagwai, ba za su dawo ba sai mako ya juyo. Taka dawar kuma tana zube a gona tun kafin ka kwanta, ga makiyaya sun fara matsowa. Alhaji Hashimu ya zo har gareji. Ya yi mini gaisuwa yadda ya kamata, don shi ma ya bi gawarka. Sannan ya ce, "Alhaji, mamaci ya riga ya huta, mu masu rai mu ke da alkawari. In ka ɗaga mini Asabar, zan kira masu inji daga Bichi, kuma in sun shigo gonata sun shigo ke nan." Har ya ƙara da cewa ɗansa ya ce wannan AI ɗin za ta iya ƙera mini sabuwar manhaja kafin a sha shayi, wadda ba ta da wannan dogon surutu.

Na ce masa, "Alhaji, za ta iya, shi ma marigayin bai taɓa musun haka ba. Amma wa zai gaya mata Kulu na takaba?" Na kuma gaya masa, ranar da tasa ta zo, Allah Ya sa da nisa, da gonarsa zan fara, ko da injin Bichi ne ke masa aiki.

Wadda ta fi ba ni wuya ita ce matarka Tahira. Ta aiko a kira ni, ta yi mini magana daga bayan labule. Ta ce, "Baba, don Allah a bar mu a inda layi ya ajiye mu. Kada a ce don shi ya rubuta abin ne aka fifita gidansa." Na ce, "'Yata, ba shi ya ƙago wannan ba. A garin ya tarar da shi, ya dai hana shi ɓacewa ne. An yi wa Kulu, an yi wa wasu, ba ki da ikon hana a yi miki." Sai na ji Inna Hure daga ciki tana cewa, "Ki bar shi ya yi."

Abokan aikinka sun zo gaisuwa daga Kano. Wata a cikinsu, Malama Ramlat, ta ce ka bar komai a buɗe da bayani dalla-dalla, duk mai ilimin abin zai iya ɗorawa daga inda ka tsaya, kuma ta ɗauki nauyin kula da shi. Na gode mata, na kafa mata sharaɗi biyu. Ta yi aiki da kowace na'ura ta ga dama, amma kafin ta taɓa komai sai ta zo ta zauna da dattawan garin nan, ta kuma gwada a wayar Inna Hure. Na biyu, muryarka ba za a cire ba muddin ina da inji a duniya.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Hure, wadda ta haifa ta kuma binne. Ga Tahira da 'ya'yanku Aishatu da Iliyasu. Ga 'yan'uwanka, da abokan aikinka na kusa da na ƙasashen da ban san sunansu ba, da duk manomin da ya taɓa jin sallamarka a wayarsa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Ya Allah Ka jiƙan bawanKa Abdulhadi, Ka yafe masa kurakuransa na fili da na ɓoye, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa jinyar da ya yi ta zama kaffara. Ka sa aikin hannunsa ya zame masa sadaka mai gudana, Ka raya zuriyarsa a kan imani, Ka haɗa mu da shi a Aljannar Firdausi. Idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da kyau da imani. Amin.

Ka tambaye ni, Abdulhadi, kuma na amsa. Ɗaya na danna. Na sa an wanke inji, na sake masa bel, na cika shi da mai. Ranar Asabar in Allah Ya kai mu, ni da kaina zan ja shi, in bi ta kan karkatattun kunyoyin nan naka, in tayar da shi a tsakiyar gonarka.

Alhaji Badaru Mai Inji, Tsanyawa.