Masakin da Muke Zaune a Bayansa

A shekarar da mahaifina da ƙanensa Baffa Sule suka raba gandu, ban fi ɗaukar ƙaramin tulu ba. Ƙauyenmu yana gefen Bagwai, inda gona ke manne da gona. Tun da na yi wayo tukunya ɗaya ake ɗora mana, ni da Ladidi 'yar Baffa kuwa tabarmarmu ɗaya. Da aka gama kaka sai na ga ana kasa damman gero gida biyu, aka ce Baffa zai yi gini a bakin fadama ya tashi da iyalinsa. Ba faɗa aka yi ba, gidan ne ya cika. Amma ni a wurina duniya ce ta tsage.

Kakarmu Iya 'yar gyartai ce, a hannun mahaifinta ta koyi ɗinkin ƙwarya. Da an idar da sallar isha'i sai ta hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, ta tura basilla cikin garwashi, ta jawo ƙoren da matan unguwa suka kawo mata. Mu kuma mu kewaye ta, wai taya ta aiki, alhali tatsuniya muke jira. Ran nan na zauna nesa, na cusa kai cikin gwiwa.

"Binta sarkin kuka," in ji Iya, "matso, kada hawayenki ya kashe mini wuta. Yau taki na ɗebo."

Yara suka ce, "Zuba mana, Iya!"

Ta ce can ƙarƙashin ƙasa, inda ko mai haƙar rijiya bai taɓa kaiwa ba, akwai wata tsohuwa da take dama kunu tun farkon zamani. Ta kife tukunyar da wani ƙaton masaki, kuma a bayan masakin nan muke zaune, mu da gonakinmu da awakinmu. Da zafi ya yi yawa sai masakin ya tsattsage. Tsohuwa ta kira wani gyartai mai ji da ƙarfi, ya ɗinke shi tamau, ko tururi ba ya fita. Da kunu ya sake tafasowa sai ɗinkin ya ɓalle gaba ɗaya, garuruwa suka kife, rafuka suka ɓata hanya.

"Sai tsohuwar ta ce wa gyartai, tashi ka ba ni wuri, ƙarfinka ya yi mini ɓarna."

Tsohuwa ta ɗinke abinta da kanta, sakwa-sakwa, kowace sakaina da ɗan wurin motsinta. Inda biyu suka gogi juna, ƙasa ta girgiza. Inda ɗaya ta hau kan 'yar'uwarta, tudu ya tashi. Inda suka ɗan ja da baya, kunu ya leƙo ya daskare ya zama dutse. Amma masakin bai ƙara wargajewa ba.

Ladidi ta ce, "Iya, in kunun ya ƙare fa?"

"Ke dai komai ciki! To, nan na sauke tukunyata, mai son ƙari ya kawo itace."

Da sauran yara suka watse, Iya ta miƙo mini ƙwaryar da take ɗinki, ta ce in ja zaren kabar da take ɗinkin da shi. Na ja da iya ƙarfina, bakin hudar ya ɓalle. Ba ta yi faɗa ba. Ta sake huda wani wurin, ta dafa hannuna muka ja a hankali. "Bar masa numfashi," in ji ta. "In ƙwaryar ta sha ruwa, da kanta za ta haɗe bakinta."

Baffa ya tashi. Amma kusan kowace safiya sai ga Ladidi da kasko, wai an aiko ta ɗiban wuta, kamar duk bakin fadama babu mai murhu. Sai ta karya kumallo da mu kafin ta koma, garwashin ma ya mutu a hanya.

Iya ta daɗe da rasuwa, Allah Ya ji ƙanta. Ni kuma sai da na yaye autata Safiya sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci, har yau da yatsa nake bin layi. A bara Safiya ta sami gurbin karatu a jami'a can wajen Rijiyar Zaki, wai ilimin ƙasa da duwatsu. Malam, mahaifinta, ya ce shawara tana hannuna. Ni kuwa na yi ta jan ƙafa, har lokacin rajista ya kusa wucewa. Yayyenta duk sun watse, ita kaɗai ta rage mini a tsakar gida.

Wata yamma muna tsince wake na ce mata, "Wai me za ki gano a ƙasar da kullum muke takawa?"

Ta ɗauko goruba. Ta ce duniya hawa-hawa ce kamar haka: ɓawo siriri a sama, ƙarƙashinsa dutse mai kauri da zafi wanda yake motsi a hankali ƙwarai, sai narkakken ƙarfe, sai dunƙulallen ƙarfe can tsakiya kamar ƙodago. Ɓawon kuma ba guda ba ne, faifai-faifai ne manya, suna tafiya kamar yadda farce ke tsiro. A bakin mahaɗarsu ake yawan samun girgizar ƙasa da dutse mai aman wuta.

Na ce, "Ashe masakin Iya ne." Na ba ta labarin.

Ta yi dariya har ta zubar da wake. "Inna, babu tsohuwa fa, babu kunu!"

"To malama, na ji. Su faifan naku, da za a ɗaure su wuri ɗaya fa?"

"Wa zai iya? Ai zafin ciki ba ya barin su tsaya."

Na san Iya ba ta san ƙarfen da ke cikin ƙasa ba, Allah ne masanin abin da Ya halitta. Saboda ni ta ƙirƙiri tsohuwar nan, don ta ga yarinya na shirin jan zare har ya ɓalle. Sai ga shi da furfurata na sake kama zaren.

Da Malam ya dawo daga masallaci na kai masa ruwa, na ce, "A kai ta ta yi rajistar."

Yanzu duk hutu tana zuwa, jakarta cike da duwatsu, wai na karatu ne. Tun daga zaure take kira, "Inna, akwai wuta?" Ni kuma in ce mata, "Shigo, amma sai kin ci tuwo."