Lilon Taubashina a Reshen Tsamiya

A zamanin Turawa, shekarar da aka ɗebe mu aikin hanyar Kankia zuwa Kusada, tare muka tafi da taubashina, ɗan gwaggota na Kunduru. Kwandon tsakuwa iri ɗaya muke ɗauka, tuwo ɗaya muke ci. Amma shi kullum da safe sai ya kama reshen tsamiya ya yi lilo, ya tsuguna ya miƙe, ya murɗa ƙugu hagu da dama. Ni kuwa daga tabarma sai kwando.

Wata safiya na sunkuya zan ɗauka, bayana ya ce ƙas. Shi ya goyo ni har masauki, yana tafe yana fito, ko haki babu. Wallahi fiton nan ya fi ciwon ƙona mini rai.

Ya ce, "Taubashi, in ka warke ka zo, reshen zai ɗauke mu biyu."

Ban je ba. Shi kuma bai taɓa fasawa ba.

Yanzu mun tsufa. A masallaci yana kai goshi ƙasa kamar yaro, ni ina zaune ina ishara. Allah ya yafe mini, a cikin sallar ma shi nake harara.