Ƙwaryar Da Na Ɗaure a Duwan

Shekarata ta farko ke nan da fita daga lakwal, wato makarantar boko, aka ba ni aikin komi, wato akawu, a duwan, ofishin kuɗin fito da ke kan hanyar da ke shigowa Magariya daga ƙasar da Ingilishi ke mulki. Lokacin cinikin gyaɗa ne, in ban manta ba. Shugabanmu Bafaranshe ya tafi Damagaram na kwana uku, ya bar ni da gardi ɗaya da littafin kuɗin fito.

Da hantsi wani dattijo ya iso da jaki ɗauke da buhunan garin alkama, shi kuwa ya rungume wata ƙwarya da aka rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Mai gasa burodi ne, zai kafa tanda a Magariya. Garin bai ba ni wahala ba, yana da layinsa a littafi.

"Baba, mene ne a ƙwaryar?"

"Uwar kwaɓi ce, ɗana. Ita ke sa burodi ya tashi. Maigidana da ya koya mini gashi a Kano ya ɗibar mini kafin ya rasu."

To, akwai wani layi na kwaɓaɓɓen gari da haɗin burodi irin na masana'anta, wanda ake kawowa daga Turai, kuma kuɗinsa ya fi na gari nesa. Ban ga alamar wannan na cikinsu ba. Amma kwaɓaɓɓen gari ne, ban iya musun haka ba. Doka kuwa ta ce abin da ake shakka a kansa a auna shi, a ɗaure, a sa hatimi, a jira shugaba.

Gardi ya kwashe da dariya, ya kira ni da mushe, yadda Faransawa ke cewa malam. "Mushe komi, gobe in na yi gyatsar kunu ita ma sai ka auna ta?"

Dattijon bai yi dariya ba. Ya ce, "Ajiye ta, na yarda. Amma ka bar ni in ciyar da ita safe da yamma. Gari tafi ɗaya da ruwa kaɗan. Tana da rai."

"In an ƙara gari, nauyin zai saɓa wa abin da na rubuta, Baba."

"Sai ka sake rubutawa mana. Alƙalamin ne ya karye?"

Na ƙi. Ina tsoron a ga gyara a takardata a ce na ci wani abu. Wataƙila ba wanda zai duba, amma a lokacin ban san haka ba, ko kuma ban yarda in sani ba. Na sa ƙwaryar a mangaza, ɗakin ajiyarmu mai rufin kwano, na kulle.

Dattijon ya ɗaure jakinsa gindin gawo ya zauna. Kowace safiya sai ya zo ya gaishe ni, ya tambaya ko zan buɗe. A rana ta biyu wari ya fara fitowa ta ƙasan ƙofa. Na riƙe mabuɗin a hannu har sau biyu, na mayar aljihu.

Da shugaba ya dawo, ya karya hatimin, ya leƙa, ya ɗaga kafaɗa. Ya ce wannan ba kayan ciniki ba ne, a ba mutumin abinsa ya wuce.

Baƙin ruwa ya kwanta a saman kwaɓin, fumfuna ta bi gefen ƙwaryar. Dattijon ya tsoma yatsa har ƙasa, ya ɗanɗana.

"Ta mutu," in ji shi.

Na fara ba shi haƙuri, ina kawo zancen doka. Ya ɗaga hannu ya tsai da ni, ya ce in ba shi ruwa kawai ya wanke ƙwaryarsa. Ni na riƙa zuba masa yana wankewa.