Sallama Bakwai a Wayar Baba

Mun tashi da asuba daga Gusau, mu uku, za mu koya wa manya amfani da waya. Direba ya cusa mu da wani fasinja, mu huɗu a kujerar mutum uku, kuma kuɗin mota ya ƙaru a kan na watan jiya. Kafin Tsafe ƙafata ta mutu.

A Tsafe na sha haushi. Na yi awa guda ina roƙon mutane su ɓoye lambar sirrinsu, ina rufe baki wani Alhaji ya karanto tasa da ƙarfi, wai in duba ko ta yi kyau. Hocen dawa da aka gasa mana muka ci da ƙuli shi ya hana ni yin zuciya.

Washegari muka bi ta Bungudu zuwa Nahuce. A can wani dattijo manomi ya miƙo min wayarsa, ya ce ta lalace. Matarsa na kwance sati biyu tana kiran ɗansu da ke Legas. Kira ba ya shiga ƙauyensu, sai saƙon murya in ya fito bakin titi. Ya tura har bakwai, ɗan bai zo ba.

Na saurara. Duk bakwai ɗin "Salamu alaikum" ne, sai shiru. Ɗan kuma ya amsa sallamar, ya tambayi lafiya, Baba ya sake sabuwar sallama.

Na ce, "Baba, ka ci gaba da magana mana!"

Ya ce, "Ɗiyata, wa ka magana ba a amsa mai sallama ba?"

Sau uku muna gwadawa, yana sallama yana ɗaga yatsa daga wayar, saƙon ya tafi haka. Raina ya ɓaci sosai. Da dabara ta ƙare na ce ni zan amsa a madadin ɗan. Ya danna, ya yi sallama, na amsa da ƙarfi. Sai ya ce, "Innarka ba ta lahiya, kai taka kira. Taho gida." Na kau da kai.

Mun dawo Gusau a gajiye. Na gane danna waya ba shi ke ba su wuya ba, magana da wanda ba ya amsawa ne, kuma babu wannan a takardun da muka tafi da su.

Bayan kwana biyu saƙon Baba ya shigo wayata. Ya yi sallama, na ji wata tsohuwa ta amsa masa daga gefe da 'yar murya, sannan ya ce yaron ya iso.