Tambayar da Aka Yi wa Yayana a Gaban Surukinsa

Na kai yayana asibitin garinmu, fitsari yana ba shi wahala. Ma'aikacin bai kira shi ciki ba. Daga bakin ƙofa ya ɗaga murya: "Baba, fitsarin ne har yanzu? Da jini ko babu?" Alhali surukin yayana, mijin 'yarsa, yana zaune kusa da mu. Yayana ya sunkuyar da kai ya fita.

Da farko na tunkari ma'aikacin, ya ce shi kaɗai ne, ga layi. Sannan na sami mai gari, ya ce in haƙura, in aka ɗauke wannan ba za a turo wani ba. Ashe rufe ƙofa ma aiki ne? Yayana bai sake taka asibitin ba, har ciwon ya kwantar da shi.